Shamshun da Hoton Taurarin Gidan Barmo

A Belbeji, in ka tambayi mutanen gari, Shamshun ɗan Barnaba mai hoton katin ɗan ƙasa ne, wanda zai jingina ka da farin ƙyalle ya ce kada ka ƙyafta, sa'an nan ya miƙo maka hoton da ko mahaifiyarka sai ta yi tambaya kafin ta yarda kai ne. In kuwa shi ka tambaya, to ka nemi wurin zama. Daga Tanut har Tarka babu wanda ya san haske da duhu kamarsa, kuma rashin sa'a ce kawai ta sa aka haife shi a Damargu maimakon wata ƙasar da ta san darajar mutane.

Abin ya ƙara lalacewa ne da wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin taimako, ya kira masu hoto Damagaram formasiyo, wato horo, na kwana uku. Ranar farko mota ta lalace da shi a hanya. Rana ta uku ta jawabai ce da rabon takardar shaida. Duk ilimin da ya kwaso ke nan na yini guda ne, amma ya dawo da kyamara sabuwa dal, da ƙarfe mai ƙafa uku na ɗora ta, da wata irin tafiya wadda ba da ita ya bar gari ba. Tun daga ranar ya daina cewa kyamara, sai apare.

A wannan yinin gudan aka koya musu hoton dare. Malamin ya ce in kana son taurari su fito, sai ka kafa kyamara ka bar idonta a buɗe na tsawon lokaci tana shan ɗan hasken da ke akwai, kuma duk abin da ya motsa a lokacin hayaƙi zai koma. Ya ce irin wannan hoton yakan fito da ɗige-ɗige ja da kore kamar ƙuraje, amma a cikin kyamarar akwai magani iri biyu na share su. Daidai zai fara bayanin yadda kowanne ke aiki, Shamshun ya jiyo ƙamshin shinkafa daga waje, ya fita ya duba ko an fara rabo. Da ya dawo an wuce wurin. Bai damu ba. A cikin mota ya lalubo magungunan biyu, ya kunna na farko, ya murɗa na biyu har ƙarshe, bisa hujjar cewa in cokali guda yana warkarwa, kwalba guda ta fi.

Ɗan littafin da ya zo cikin kwalin kyamarar kuwa, ƙafar teburinsa da ke rawa ya tokare da shi. Matarsa Rabeka, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, ita ta zaro shi wata rana tana shara, ta karanta shi tun daga bango har bango, ta mayar.

Maƙwabcinsu Barmo tsohon mahaƙin rijiya ne, ya haura tamanin. Rijiyoyi da yawa na kwarin Tarka da hannunsa aka haƙa su, har da ta bayan majami'a, wadda ya haƙa saboda amininsa Barnaba, marigayi mahaifin Shamshun. Katanga guda ce tsakanin gidajen biyu, naman Layya na tsallakowa ta nan, shinkafar Kirsimeti na tsallakawa ta can. Barmo yana da zanen gidansu a kumatu, layi-layi daga gefen ido zuwa haɓa, kuma yana ji da shi. Abin da ba ya so a duniya shi ne hoto. Tun da aka ɗauke shi na katin ɗan ƙasa shekara arba'in da suka wuce, ya fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane, ya ce shi da wannan abin har abada. Ko jikoki suka ɗaga waya, rawani yake ja ya rufe fuska.

Sai ga autansa Abdulgafar ya zo gida bayan kaka. Magini ne a Tamanraset, shekara bakwai bai tako Belbeji ba, ya yi aure can, yana da 'ya'ya uku da ba su taɓa ganin fuskar kakansu ba. Kwana biyar ya samu. Huɗu daga ciki ya ƙarar yana roƙon tsohon ya zauna a ɗauke su, shi da dukan gidan, ya tafi wa yaran da abin da zai nuna musu. A rana ta biyar Barmo ya gaji.

"Zama ɗaya," in ji shi. "In ya yi, ya yi. In bai yi ba, kada wanda ya sake tayar mini da maganar har in mutu."

Abdulgafar ya yi shagon Shamshun da gudu, ya ce ya zo da la'asar. Shamshun ya dube shi da irin tausayin da ake yi wa wanda bai yi formasiyo ba.

"Da la'asar? Abdulgafar, hoton rana ai ko mai tallan goro yana ɗauka da waya. Baba Barmo fa za a ɗauka, zama ɗaya a shekara arba'in. Ƙarƙashin taurari zan sa shi, 'ya'yanka su ga kakansu da sararin Damargu bisa kansa."

Abdulgafar ya tuna masa cewa motarsa da asuba za ta tashi, in aka rasa wannan babu wani. Shamshun ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari, ya ce in hoton bai fito ba a daina kiransa ɗan Barnaba. Tare suka tashi tun suna yara, Abdulgafar ya ji nauyin ya musa. Umma, babbar 'yar Barmo, ba ta ji nauyin komai ba. Ta ce mutumin da da rana tsaka ma da ƙyar ake gane shi a hoton Shamshun, ina ga dare. Aka ce ta yi shiru, ta yi, na ɗan lokaci.

Wajen cin tuwo Rabeka ta gwada sa'arta. Ta ce, "Baban Joy, na karanta littafin nan na ƙarƙashin tebur. Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka fita."

"Madam, ke da alli, ni da apare. Na taɓa shiga ajinki na gyara miki lissafi?"

Ta ce bai taɓa ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi bayansa, don irin wannan kallon ba a ba mutum labari.

Bayan sallar isha'i gidan Barmo ya fito, mutum goma sha tara, kowa cikin kayan Sallah. Cikin gida darbejiya ta rufe sama, saboda haka Shamshun ya jera su a ƙofar gida, bakin hanyar da ta taso daga masallaci ta nufi wurin masu shayi. Ya zaunar da Barmo bisa kujera a tsakiya, Abdulgafar a tsaye a bayansa, ya ɗora fitilar sola bisa turmi can nesa don ta ɗan shafi fuskoki. A gefe jakin Barmo yana ɗaure a turkensa. Shamshun ya ce a kawar da shi. Barmo ya ce shekara goma sha biyu jakin nan a wurin yake kwana, wanda ya zo yau shi zai matsa.

Shamshun ya yi musu jawabi. Minti biyu za su tsaya, ba motsi, ba tari, ba sosa. Ya danna.

Ikon Allah, suka tsaya. Mutum goma sha tara, har da jariri a goye, minti biyu cur babu wanda ya motsa. Sama kuwa tar take, taurari kamar an watsa gero. Bari in faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye: wannan shi ne hoton. Ya shiga kyamara, yana ciki, saura haƙurin minti biyu.

Idon kyamara ya rufe. Kowa ya saki numfashi, aka yo ca a kan Shamshun a ga abin da ya fito. Gilashin bayan kyamarar baƙi ƙirin, sai wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa. Ya danna nan, shiru. Ya danna can, shiru. Ya hura mata iska, ya girgiza ta a gefen kunne.

Rabeka ta matso ta yi ƙasa da murya, don ta rufa masa asiri. Ta ce kyamarar ba mutuwa ta yi ba, maganin farko ne ke aiki. Hoto na biyu take ɗauka da ido rufe, don ta gane ɗigon da ke fitowa daga cikinta ta cire shi daga na farko. Minti biyu ya buɗe, minti biyu zai jira. Ta ce ko me zai yi, kada ya taɓa batir.

Da a ɗaki ta faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma Umma ta jiyo, ta kuma tambaya da ƙarfi ko Madam ce ta je formasiyon. Shamshun ya juya ga jama'a.

"Kun ji fa. Hoto da ido rufe. Gobe kuma za ta ce mini da turmi a kife ake dakan fura."

Aka yi dariya, dariyar jama'a kuwa ita ce abincin Shamshun. Ya ɓalle murfin ya zare batir, ya goga shi a riga, ya mayar. Kyamara ta farka garau, babu komai a cikinta. Ya dubi gilashin na ɗan lokaci, sa'an nan ya sanar cewa wancan gwaji ne, ƙwararru ba sa ɗauka ba gwaji. Ya ce apare ba ta ƙoshi da haske ba ne ta suma, yanzu minti huɗu za a ba ta.

Aka koma aka jeru. Minti guda ya wuce lafiya. Sai ga Yahuza wanzami ya taso daga masallaci da tocila a hannu, ya yi sallama. To a ina aka taɓa jin an yi wa mutum sallama a ƙofar gidansa ya yi shiru? Baki goma sha takwas suka amsa. Yahuza ya haska fuskar Barmo ya gaishe shi, ya tambayi ƙafa, ya tambayi gajiya. Ya haska Umma ya tambayi maigidanta. Ya haska Abdulgafar ya ce ashe gobe ne tafiyar, Allah ya kiyaye hanya. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su da tocila, don ba ya gaida mutum bai ga wanda yake gaisarwa ba. Shamshun yana bayan kyamara yana ta yarfa hannu yana huci, har Yahuza ya haska shi shi ma ya tambaya ko kunama ce.

Da aka yi masa bayani, Yahuza ya ce shi bai ji a rediyo an hana gaisuwa ba. Ya nemi dakali ya zauna kallo. Kyamara ta sake yin baƙi, jar fitila na ƙyaftawa. Shamshun ya ce tocilar Yahuza ce ta makantar da ita. Ya zare batir.

Kafin na uku ya kafa doka. Ko Perfe mai mulkin yanki ne da kansa ya yi sallama, kada wanda ya amsa. Barmo ya ce wannan ba tarbiyya ba ce. Abdulgafar ya durƙusa ya roƙe shi, ya ce minti shida ne kawai, saboda yaran. Tsohon ya yi ƙwafa ya yarda.

Ana cikin minti na biyu Asiya mai fura ta biyo hanyar da ƙwaryarta a ka. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Ta matso ta yi ta uku. Abin da ta gani shi ne gidan Barmo kaf a ƙofar gida cikin duhu, kowa da manyan kaya, ba mai magana, ba mai motsi, Umma hawaye na zubo mata saboda ta hana kanta ƙyaftawa, ga tsohon a tsakiya a sandare bisa kujera ido a kafe, ɗansa na riƙe da kafaɗarsa. Asiya ta saki ƙwarya ta kwasa da salati.

Kafin minti shidan su cika, unguwa ta taso. Mata da kuka, maza da tociloli, masu shayi sun baro butocinsu bisa gawayi. Labarin da ya isa masallaci shi ne Barmo ya cika a zaune, 'ya'yansa sun kasa kwantar da shi. Liman ya ratso jama'a yana addu'a, ya tsaya gaban kujera ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

"Amin," in ji Barmo. "Wa ya rasu?"

Liman ya ja da baya taku biyu. "Kai aka ce, Malam Barmo."

"To, ni dai labari bai iso ni ba."

Masu kuka suka rasa yadda za su yi da kukan, sai suka juye shi dariya. Asiya ta dawo tana neman wanda zai ɗauki alhakin furarta. A cikin wannan hargitsin kyamara ta yi baƙi karo na uku, Shamshun kuma ya yi mata abin da ya saba.

Barmo ya ɗaga sandarsa aka yi tsit. Ya ce shekara tamanin bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, yau ya yi sau ɗaya an kashe shi. Saura ɗauka guda, daga ita zai shiga ya kwanta, kuma duk wanda ya gaishe shi zai amsa. Shamshun ya duba batir, saura layi ɗaya. Mai hankali da ya koma minti biyu. Shi sai ya ce tunda ta ƙarshe ce, minti takwas za a yi, taurari su fito da hujja.

Yanzu kuwa masu kallo sun fi ɗari, kuma har lokacin ana ta isowa ta'aziyya daga unguwannin nesa. Duk wanda ya iso ya tarar da mamacin a zaune, dole ya matso ya yi masa barka. Barmo ya juya dama ya amsa, ya juya hagu ya amsa, ya gyaɗa kai, ya tambayi mutan gida. Yara suka fara gyangyaɗi suna zubewa, iyaye na sunkuyawa suna ɗagowa. Sauro ya sami Umma. Jariri ya farka. Abdulgafar yana ta sunkuyowa yana raɗa wa uban ya daure. A duk faɗin wurin rai guda ne ya bi dokar Shamshun sau da ƙafa, yana tsaye a turkensa, kunne a sake, bai ko kaɗa wutsiya ba.

Ido ya rufe, gilashi ya yi baƙi. Hannun Shamshun ya nufi murfin batir, ya tarar da hannun Rabeka a wurin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ya taɓa, daga gobe apare za ta riƙa tuƙa masa tuwo. Haka suka tsaya minti takwas, mata da miji, hannu bisa hannu, jama'a na kallo, Yahuza na ƙirga mintocin da ƙarfi don taimako. Ana cika na takwas gilashi ya kawo haske.

Shamshun ya leƙa. Abin da ya gani cikin ɗan gilashin nan ba abin nuna wa jama'a ba ne, amma kafin wani ya leƙo batir ya ƙare, kyamara ta mutu mutuwar gaske. Ya ɗago ya ce da gangan ya bar ta ta huta, haka ake yi a Damagaram.

"Ya fito?" in ji Abdulgafar.

"Ras."

Da asuba Abdulgafar ya riƙe hannunsa a tasha ya daɗe bai saki ba. Ya ce ƙaramar 'yarsa kullum tana tambaya ko kakanta yana da gemu. Shamshun ya ce nan da mako guda za ta gani da idonta, har ta ƙirga gashin.

Ya caja batir, amma bai sake buɗe hoton ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya shawo kan kansa cewa ƙanƙantar gilashi ce, babban injin Damagaram zai fito da komai. Ya zare katin ajiyar hoto daga kyamarar ya ba wani direba ya kai a wanke, ya ce a yi shi faɗin ƙofa, a sa masa katako. Rabeka ta nemi ta gani kafin a kai, ya ce ba a ɗanɗana miya tana wuta. A kwanakin jira ya cika garin da labari. Tauraro dubu uku ya ƙirga a hoton, in ji shi, kuma akwai wani Bature da ya ji labari yana nema.

Hoton ya iso daren kasuwa, naɗe cikin takardar siminti. Mutum mai tsoron Allah da ya ɗan yage gefe ya leƙa. Shamshun ya ce ba za a buɗe ba sai gaban jama'a. Da hantsi ya jingina shi a ƙofar shago, ya aro kujeru daga majami'a, ya aika a kira gidan Barmo. Mutanen kasuwa suka taru, har da makiyayan da suka kawo dabbobi daga daji. Tsohon ya iso bisa jakinsa, Umma na jan igiya. Shamshun ya yi jawabi a kan haske da duhu da darajar ilimi, ya ce rashin sani ya fi dare duhu, yana faɗa yana duban Rabeka. Sa'an nan ya ja takarda.

Sama ta fito sumul kamar faranti da aka wanke, tauraro huɗu ko biyar, su ma da ƙyar. Ƙasa kuwa wani farin hayaƙi ne ya taso daga ƙofar gida, inda ka lura da kyau sai ka ga kamar hannu a nan, kamar ɗankwali a can. A tsakiya ga babbar rigar Barmo, ga sandarsa, ga rawaninsa ya yi uku. Tsakanin rawani da riga akwai wani abu mai santsi, ba ido, ba hanci, ba gemu, ba zane ko layi guda. A gefen dama kuwa ga jaki. Ya fito ras, kamar yadda Shamshun ya yi alkawari. Maganin ya goge masa tabon kaya da ke gadon bayansa, ya bar shi yana sheƙi, kai ka ce bai taɓa ɗaukar jarkar ruwa ba.

Mutanen kasuwa suka rasa inda za su fara. Umma ce ta buɗe. Ta ce a nuna mata kanta, ita dai ta san ta sa atamfa shuɗiya. Wani ya nuna mata wani gajimare ya ce ga ta nan, har ta fi kyau. Asiya ta ce ashe ba ta yi ƙarya ba a daren, ga shi hoto ya nuna fatalwa. Wani makiyayi ya tambayi ko jakin na sayarwa ne. Yahuza ya matsa har hancinsa na taɓa hoton, ya daɗe yana duban wurin da fuska ya kamata ta kasance.

"Kakana ne ya yi wa Malam Barmo zanen nan da askarsa," in ji shi. "Shekara tamanin rana ba ta goge shi ba, ƙasar rijiya ba ta goge shi ba. Kai ka goge shi da yatsa guda."

Shamshun ya ce injin Damagaram ne, mutanen can hassada gare su. Ya ce direban ya bar katin cikin rana. Ya ce wannan salo ne, a ƙasashen da suka ci gaba haka ake so. Da ya ga babu mai saye, ya juya wajen Rabeka ko za ta cece shi. Ta ce maganin na biyu da ya murɗa har ƙarshe ba ya bambance ƙurji da tauraro, ba ya bambance ɗigo da zanen gado, duk ƙaramin abin da ya gani sharewa yake. Ta ce hoton kirki guda ne aka ɗauka a daren, na farko, kuma da hannunsa ya zare masa rai.

Barmo kuwa idonsa ya yi rauni, sai ya sa aka kawo hoton dab da shi, ya bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya tambayi ina Abdulgafar, aka nuna masa hayaƙin da ke bayan kujera. Ya tambayi sauran, aka nuna masa hayaƙin gefe. Ya daɗe a kan jakin. Dariya ta fara mutuwa, don kowa ya ga tsohon ba dariya yake ba.

"Ɗan Barnaba, ba ka iya hoto ba," in ji shi. "Amma wannan bai yi ƙarya ba. Haka gidana yake. Wannan yana Tamanraset, wannan yana Agadas, wannan gobe Libiya. Yau ka gan su, gobe hayaƙi. Wanda ke kwana ƙofata kullum, ga shi nan ya fito."

Ya ce wa Umma ta ɗauki hoton da waya ta aika wa Abdulgafar yadda yake, kada a gyara komai. Ta kanga masa wayar a baki ya yi magana. Ya ce a gaya wa yarinyar yana da gemu. In tana son ta gani, fuskar tana Belbeji, ba ta shiga kwali, kuma ba ta da sauran shekara bakwai na jira.

Umma ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Shamshun, karo na farko tun da ya dawo daga Damagaram, ya ji kunya ta gaske. Ya durƙusa ya ce Baba ya ba shi minti biyu kawai, da rana, yanzu-yanzu. Barmo ya ce zama ɗaya ya ce, kuma an yi. Ya sa aka ɗora masa hoton, ya hau jakinsa suka tafi, na hoton a gaba, na gasken a ƙasa.

Kwana biyu Abdulgafar bai amsa ba. A na uku ya aiko yana tambayar Rabeka yaushe ake rufe lakwal a yi babban hutu, kuma ko yara uku za su jure hanyar Agadas. Kafin la'asar Shamshun ya riga ya gaya wa masu shayi cewa hotonsa ne ya dawo da Abdulgafar gida, dama abin da ya shirya ke nan tun farko.

Kasuwar da ta zagayo, makiyayin nan ya iso ƙofar shago janye da jakinsa, ya ce irin na Barmo yake so, mai sheƙi. Shamshun ya buɗe baki zai kore shi. Rabeka ta ce ya karɓa, ba kullum mutum ke samun abokin cinikin da ba ya amsa sallama ba. Ya ɗauka kuwa, da rana tsaka.